Albashin Auta

Litinin, da safe, a cikin motar haya

Yaya bai kwana a gida ba. Umma ta ce wajen abokinsa ya tafi, amma tukunya take kallo da ta faɗa, ba ni ba. Kafin in fito na leƙa ɗakinsa. Gado a gyare. Babu takalmansa, babu jakar da yake zuba takardun ɗalibansa, har dutsen guga babu. Wanda ya tafi hira ba ya ɗaukar dutsen guga.

Baba na zaune a falo da rediyo a cinya, bai kunna ba. Na gaishe shi, ya amsa, ya ce a dawo lafiya. Shi ke nan.

Ni dai tambaya na yi jiya. Tambaya ce, ba zagi ba. Kuma kowa a falon ya san amsarta.

Litinin, lokacin cin abincin rana

Ba na jin yunwa, sai na buɗe littafin nan a kan tebur kamar mai aiki.

Dogo ya shigo yau idonsa a tsaye. Tare muka gama jami'a, tare aka ɗauke mu a bankin nan wata huɗu da suka wuce, teburinsa na manne da nawa. Ya sunkuyo ya ce, "Kin ji labari? Bankin tsallaken titi sun ƙara wa sababbinsu albashi. Yaron da nake ba shi amsa a aji yanzu ya fi ni." Na ce Allah ya sa alheri. Ya ce, "Wane alheri? Farashinmu ya faɗi muna zaune." Nan da nan duk mu sababbin muka ji, kowa na latsa waya a ƙarƙashin tebur. Mu da aka ɗauka don mu ƙiyasta darajar kamfanoni, yau darajar kanmu muke ta ƙiyastawa.

Har yau Umma ba ta gane aikina ba. In maƙwabta sun tambaye ta sai ta ce, "Auta a banki take, amma irin bankin da ba a ajiya, ba a cira." Da gaskiyarta. Bankin zuba jari ne. Idan wani kamfani zai sayi wani, mu ne za mu zauna mu lissafa nawa ya kamata ya biya. Yanzu haka akwai babban ciniki a hannunmu, wani kamfanin siminti zai haɗiye ƙaninsa. Madam, shugabar sashenmu, ta ce har sai an sa hannu kowa ya manta yana da gida.

Na kira Yaya. Tana shiga, ba ya ɗauka.

Talata, da safe

Bai kira ba.

Laraba, da yamma, a kan matakalar bene

Nan ne kaɗai ba a ganin mutum a ofishin nan. Ko'ina gilashi ne.

Ranar da takardar ɗaukar aiki ta zo nake ta tunawa. Yaya ne ya fara karantawa, kuma shi ya dace. Shi ya koya min lissafi tun ina ƙirga da yatsu. Da aka kira ni intabiyu, shi ya riƙa ɗaure fuska yana jefo min tambayoyi har sai na yi kuka, sannan ya ce, "Share, mu sake." Malamin kimiyya ne a sakandare, ya daɗe yana cin alli. Da ya zo wajen albashin sai ya tsaya, ya matso da takardar kusa da idonsa, ya ce, "Auta, mayar musu, sun yi kuskuren sifili." Ya yi ta dariya har da hawaye. Wallahi murna ce, na san murnar Yaya. Baba ya karɓa, ya sa tabarau, ya karanta, ya cire tabarau. Shekara talatin ya yi a ofishin ruwa kafin ya yi ritaya. Bai ce komai ba sai "Masha Allah," can ƙasa, kamar mai magana da kansa.

Ban taɓa rubuta adadin a littafin nan ba, kuma ba zan rubuta ba. Kawu ya hutar da ni. Ƙanin Umma ne, cikinsa ba ya riƙe magana. Kafin sati ya zagayo dangi kaf sun ji, kuma ya ninka shi don ya yi daɗin faɗa. Mutanen da ba su san ina duniya ba suka fara tambayar lafiyata. Wata rana a falonmu, gaban kowa, ya dafa kafaɗar Yaya ya ce, "Malam, abin da kake ɗauka a shekara, ƙanwarka na ɗaukarsa kafin ka gama duba takardun jarabawa ɗaya." Aka kwashe da dariya. Yaya ma ya yi. Ni ma na yi.

Ana kirana. Sai na koma.

Alhamis, da safe

Ina sa takalmi Baba ya fito ya tsaya a kaina. Ya ce, "Auta, mai gyaran famfo ya ce sai an canza bututun bayan gida. In kin ga ya dace a yi, sai a yi."

Na ɗago na kalle shi, na zaci wasa yake. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ofishin ruwa yana tambayata zancen bututu! Na ce, "Baba, ai kai ka fi kowa sani." Ya ce, "To, to. Dama cewa na yi in sanar da ke."

Da can ba ya tambayar kowa. In abin ya yi nauyi, ya kira Yaya su rufe ƙofa. Ban san ranar da abin ya dawo kaina ba. Ba ni na nema ba. Ni dai na san ina turo kuɗin cefane, na san na canza firij, daga nan sai na ga in ana magana ana juyowa wajena.

Ƙafata ba ta daina rawa a ƙarƙashin tebur. Dogo ya ce in bar girgiza masa shayi.

Juma'a, bayan la'asar

An sa ranar da za a yi wa Umma tiyata. Ba Talatar nan ba, ta sama.

Ba na son rubuta sunan abin da likita ya gani a hoton. Umma "baƙon nan" take ce masa. "In an fitar da baƙon nan zan koma ɗinkina." A asibitin kuɗi za a yi, wanda na zaɓa. Yaya kuwa asibitin gwamnati ya so. Akwai wani tsohon likita a can da ya yi ta bincike a kansa, ya bi layi har ya gan shi, sai dai sai an jira wata biyu. Ni na ce ba za a jira ba. A kan wannan muka yi sa'insa ranar Lahadi. Baba ya goyi bayan Yaya, ya ce hannun likita ake bi, ba kyan gini ba. Yaya ya ce shi ne babba, kuma an gama magana. Daga nan ne na yi tambayar.

Har yanzu ina ganin gaskiyata. Wata biyu ba wasa ba ne. Ina da gaskiya. Na faɗa wa kaina a mota, na faɗa a lif, na faɗa a gaban madubi. Ina da gaskiya.

To me ya sa nake ta maimaitawa?

Asabar, da rana, a ofis

Madam na waya da mutanen siminti, ta buɗe muryar kowa na ji. Suna ta ja-in-ja a kan wani ƙarin bincike da suke so a yi, wannan ya ce kaza, wancan ya ce shi ne shugaba. Ta bar su suka gaji. Sannan ta jingina da kujera tana juya biro, ta ce, "Duk na ji. Amma wa zai biya?"

Wayar ta yi tsit.

Ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi a baya. Ba kalmomin kaɗai ba. Muryar. Sanyin nan, da ɗan jan ƙarshen maganar. Ashe a nan na ɗauko ta. Na kai ta gida ban sani ba, kamar ƙaya a jikin zani.

Na tashi na shiga banɗaki, na buɗe famfo, na tsaya. Da na dawo Dogo ya ce, "Matar nan ta iya kashe baki, ko? Ni fa ita nake son zama." Na ce uhm.

Lahadi, da hantsi

Kujerar Yaya na nan a wajen cin abinci. Ba wanda ya zauna, ba wanda ya ɗauke.

Litinin, da sassafe

Na sauka a makarantar su Yaya maimakon in wuce ofis. Ban shirya ba, ƙafata ce ta sauke ni.

Daga bakin ƙofa ana hango ajinsa. Yana nan. Rigarsa a goge. Ya ɗaure dutse da zare yana lilo da shi gaban allo, yara sun miƙa wuya kamar 'yan tsaki. Wani ya faɗi wani abu, ajin ya fashe da dariya, shi ma ya yi, ya nuna yaron da alli. Lafiyarsa ƙalau. Na zaci zan gan shi a rame. Allah ya yafe min, haushi na ji da na gan shi yana dariya.

Mai gadi ya ce, "Wajen wa kika zo?" Na duba jikina, kwat da takalmi mai tsini da katin banki a wuya. Na ce na yi ɓatan kai ne.

Na makara. Madam agogon bango kawai ta kalla.

Talata, da yamma

An ƙara mana albashi.

Madam ta tara mu sababbin a ɗakin taro. Ta ce manya sun ji abin da ake yi a tsallaken titi, ba sa so a kwashe musu yara, don haka daga watan nan an ƙara. Wata ta fara tafi, ta ga ita kaɗai ce, ta daina. Madam ta ce, "Kada kanku ya kumbura. Ba don kun iya wani abu ba ne, ba ku iya komai ba tukuna. Abu ɗaya muke saya a wajenku: in an kira, ku ɗauka."

Da muka fito, waɗanda suka riga mu da shekara biyu, uku, sun haɗe rai kamar an yi musu mutuwa. Su ba a ƙara musu ba, yanzu saura ƙiris mu kamo su. Ɗaya ya ce da ƙarfi, ba tare da ya juyo ba, "A gaida manya. Mu da muka nuna muku inda ake kunna kwamfuta." Wanda na saba kai wa lissafina ya duba min ya ce yau ba shi da lokaci.

Dogo ya latsa waya ya ce, "Har yanzu na tsallake sun fi mu. Kuma in kika raba da awannin da muke yi, ki cire barcin da ba ma yi, ki cire gashin da ke zubewa, wallahi mai sayar da katin waya ya fi mu kwanciyar hankali." Na yi dariya. Rabona da dariya har na manta.

Ban faɗa a gida ba. Wa zan faɗa wa? Wanda zai ce sun yi kuskuren sifili ba ya ɗaukar wayata.

Laraba, da rana

Kawu ya yi ta kira har na ɗauka. Wai ɗansa ya kusa gama jami'a, in fara share masa hanya. Na ce ni ma ban zauna daram ba. Ya ce, "Haba, manya! Ke da kike riƙe da gida." Sai ya rage murya. "Na ji yayanki ya yi yaji. Rabu da shi, hassada ce. Namiji in ƙanwarsa ta fi shi, sai a hankali."

Na kashe wayar yana cikin magana. Ban taɓa yi wa babba haka ba. Yaya bai san hanyar da hassada take bi ba.

Zai kai ƙarata wajen Umma. Ya kai.

Alhamis, da safe

Na roƙi Madam ranar Talata. Na ce mahaifiyata za a yi wa tiyata. Ta cire tabarau, ta ce Allah ya ba ta lafiya, kuma na ga har zuciyarta ta faɗa. Sannan ta buɗe kalanda. Ranar ce za mu zauna da shugabannin kamfanin siminti, zaman ƙarshe kafin sa hannu.

"Ƙarfe nawa aikin?"

"Sun ce sai wajen azahar."

"To ai da sauƙi. Taron safe ne. Ke kika gina lissafin, in sun yi tambaya ke za ki nemo amsa. Ana tashi ki wuce, zan sa direbana ya kai ki."

Na ce na gode. Har da russunawa.

Juma'a, da yamma

Bai kira ba. Ni ma na daina kira. Ƙarya nake, na kira ɗazu.

Lahadi, bayan la'asar, a asibiti

Tun jiya aka kwantar da Umma don gwaje-gwaje. Ɗakin na da kyau, da labule da talabijin. Ta ce ita kunyar gadon take ji, ya fi na aurenta.

Ina gyara mata kofuna sai na ga jan biro a kan durowa. Na ɗauka. Umma ta yi saurin cewa, "Na nas ne." Na juya shi. An tauna murfin har ya lanƙwashe, yadda Yaya ke yi wa nasa. Na ce, "Umma, nas ɗin ma tauna biro take yi?"

Ta ja bargo. Can ta ce, "Ki bar shi ya huce."

"Yana zuwa nan?"

"Ina zai fasa? Ko a gida ma bai fasa ba. Yana tashi daga makaranta yake zuwa, ya ci abincinsa, ya zauna da babanku, ya tafi kafin ki dawo."

Na ce, "Duk kwanakin nan? Kuma ba wanda ya faɗa min?"

Ta kalle ni da tausayi, wannan ne ma ya fi ciwo. Ta ce, "Ai ɓoye miki ba wuya, 'yar nan. Ke ba kya dawowa."

Na mayar da biron inda na gan shi.

Litinin, da rana

Dogo ya tafi. Ashe tun satin jiya na tsallaken titi suka kira shi. Ya shiga wajen Madam da safe, bai daɗe ba ya fito da mai tsaro a bayansa. Haka ake yi a nan in za ka koma wajen abokan hamayya, ko kwamfutarka ba za ka sake taɓawa ba. Ya zuba kofinsa da cajarsa a kwali, yana murmushi amma kunnuwansa sun yi ja. Ya ce min a hankali, "Suna neman mutane. Ki zo mu tafi, kafin su ma su gane ba mu iya komai ba."

Na ce, "Gobe fa taro, Dogo." Ya ce, "Na sani. Ki yafe ni."

Rabin aikinsa ya dawo teburina. Shi na yi niyyar bar wa sauran aikin in taron ya ja. Yanzu babu kowa.

Ta taga ina hango shi yana tsallaka titi da kwalinsa. Bai waiwayo ba.

Talata, da asuba

Yau ce. Ya Allah.

Talata, da yamma, a barandar asibiti

Ban same ta ba.

Wani mara lafiya aka ɗage nasa aikin, sai suka matso da na Umma. Wayata na cikin jaka, na kashe mata ƙara. Mutanen siminti sun zo da tambayoyi kamar an aiko su, taron ya yi ta ja. Da na samu na leƙa jakar a ƙarƙashin tebur, na ga Baba ya kira sau ɗaya, bai ƙara ba. Sai saƙon Yaya, na farko tun da ya bar gida: "An shiga da ita."

Shugabansu na tsakiyar magana na miƙe. Madam ta kalle ni. Na tura mata kwamfutar, na ce komai na ciki, na fita. Ban jira direbanta ba. A titi na cire takalmin na riƙe a hannu.

Na tarar Baba ya tafi salla. Yaya kaɗai ne a kan benci gaban ƙofar tiyata, ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi. Ya matsa min, na zauna.

Ya ce, "Ta tambaye ki. Na ce kina hanya."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri."

"Da me?"

"Abin da na faɗa maka."

Ya juyo sosai ya kalle ni. "Ni kika faɗa wa? Auta, ni malamin makaranta ne. Kullum sai an tuna min albashina, har ɗalibaina tausayina suke ji. Fatata ta yi kauri. Da ni kaɗai ne, da washegari na dawo na cinye miki naman miya." Sai ya ce, "Da kika yi tambayar nan, kin kalli Baba?"

Ban kalle shi ba. Yaya nake kallo, ina jira in ga ya rasa amsa.

Ya ce, "Ni na kalle shi. Tun ranar da aka ga hoton nan yake tattara abin da zai iya, daga fanshonsa, ya sayar da tsohon babur ɗinsa, bai faɗa wa kowa ba sai ni. Ya haɗa abin da zai isa asibitin gwamnati. Shi ya sa ya so can. Likitan na da kyau, ban yi ƙarya ba. Amma can ne inda zai iya kai matarsa da hannunsa. Yana shirin buɗe baki ya faɗa, kika yi tambayarki. Sai ya sunkuyar da kai. A falonsa, Auta."

Na ce, "Me ya hana ku faɗa min?"

"Ya hana ni. Ya ce kin fi mu gaskiya, jira ba shi da amfani, kada a ɓata miki rai ga aiki ya yi miki yawa. Kuma kin fi mu gaskiyar, shi ne abin haushin. Na tafi ne don in na zauna, ko dai in faɗa miki maganar da ba ta gogewa, ko in zauna ina kallonsa yana neman izininki a kan bututu."

Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yarinya. Bai rarrashe ni ba. Ya ciro hankicinsa mai ƙurar alli ya miƙo min, ya ce, "Goge, ga shi nan zuwa. Kada ya ga kamar wani abu ya faru a ciki."

Baba ya iso, ya ce, "A'a, Auta, kin samu fitowa? Sannu da ƙoƙari. Ina fata ba mu katse miki aiki ba."

Likita ya fito bayan la'asar. An fitar da baƙon. Ya ce sai sakamakon gwaji ya dawo za a san sauran.

Laraba, da hantsi

Umma ta farka. Abin da ta fara cewa, wa ya bar mata kai ba ɗankwali.

Na koma ofis. An sa hannu jiya ba tare da ni ba. Madam ta tambayi jikin Umma, sannan ta ce, "Ƙarshen wata za mu zauna da ke." Ban tambaye ta zaman mene ne ba. Na tsallaken titi sun turo min saƙo, Dogo ya ba su lambata. Ban buɗe ba, ban kuma goge ba.

Alhamis, da yamma

Na samu Baba shi kaɗai, na durƙusa na ce ya yafe min. Ya ce, "Subhanallahi, me kika yi? Ke da kika ɗauke mana nauyi. Allah ya yi miki albarka." Har da ɗan sunkuyowa, yadda yake yi wa baƙi.

Da ya zage ni da ya fi.

Asabar, da safe

Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Na wanke kofunan Umma, na sake wanke su.

Litinin, bayan azahar

Na ce wa Madam zan makara. Ban roƙa ba, faɗa na yi. Abin da za a yi ƙarshen wata a yi.

Muna ɗakin Umma mu duka, nas ta shigo da takarda, ta wuce Baba, ta wuce Yaya, ta zo gabana. Ta ce, "Ke ce mai biya, ko? Likita ya ce za a iya sallamarta yau, ko kuma ta ƙara kwana biyu a nan. Ku za ku zaɓa."

Ni so nake ta ƙara. Amsar na bakina. Na ga Baba ya juyo yana jira in faɗa, Yaya kuma ya zuba wa taga ido.

Na ce, "Ni auta ce. Ga mijinta nan."

Nas ta juya. Baba ya fara cewa, "A'a, ai duk abin da ta..." Na sunkuya na shiga naɗe bargo, na ƙi ɗagowa.

Sai na ji ya yi gyaran murya. Ya tambayi nas yadda ake wanke ciwon, da sau nawa. Ya tambaya ko za ta iya hawa matakala, don akwai 'yar matakala a ƙofar gidanmu. Ya tambayi alamar da in an gani za a dawo da gudu. Ya sa ta maimaita sunayen magungunan, Yaya na rubutawa. Sannan ya kalli Umma ya ce, "Matar nan ba ta barci a gadon da ba nata ba. Yau za mu tafi."

Na ciji leɓe. Har yanzu ina ganin da ta ƙara kwana biyun.

Baba ne ya sa hannu a takardar. Shi da Yaya suka riƙe Umma, ɗaya dama ɗaya hagu, suna tafiya a hankali. Aka bar ni da kaya, jaka biyu da filas da bokiti da filo a hammata, ga takalmi mai tsini, ga waya na ta ƙara a aljihu ba hannun ɗauka. A bakin ƙofa murfin bokitin ya suɓuce, ya yi ta gangarawa har ƙarƙashin wata mota. Na tsaya ina kallonsa.

Baba ya waiwayo, ya daka min tsawa. "Ke Auta! Wane irin sakarci ne wannan? Kin tsaya kamar an dasa ki, uwarki na tsaye a rana! Ɗauko ki wuce mu tafi!"

Mutane suka juyo suna kallon ƙatuwar budurwa da kwat ana yi mata faɗa. Umma ta ce, "Haba Malam, a gaban jama'a?"

Na ce, "To, Baba." Na ajiye kayan, na durƙusa a ƙasa na zura hannu ƙarƙashin motar.